Ranar da Na Tari Ruwan Sama a Bisa Teku

Lawali jikan ƙanena, wanda ke kabu-kabu a bakin tashar Tasawa, shi ya jawo wannan rubutu. Ina zaune a fadarsu ina jiran kofin shayi na biyu, sai ya miƙo mani salularshi. Ga wani Bature da matarshi kwance bisa jirgin ruwa mai zane, irin wanda iska ke turawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, teku shuɗi kamar an jiƙa bula.

"Tsoho, ashe wannan ne aikin da ka yi shekara goma sha ɗaya kana yi? Muna ta yi maka sannu da wahala, ashe kwanciya ka tafi."

Na ce, "Wanda ya ɗauki hoton fa, ka gan shi?"

"Ina zan gan shi, yana bayan salula?"

"To irina ne. Kuma da hannu ɗaya ya ɗauka, ɗayan na riƙe da bokiti."

Suka kwashe da dariya, wani ya ce in akwai wuri a kai shi, shi ma ya gaji da rana. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafi da alƙalami. Lakwal, wato boko, aji uku na yi a garinmu Baudeta, kafin ni da mushe malaminmu mu yarda cewa gonar gero ta fi shi buƙatata. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya kai ƙara wurinshi. Yana maƙabartar gabas da gari, ba ya zuwa ko'ina.

Gashin nama ya kai ni Dakar. Wani ɗan garinmu na da tukuba a bakin wani lungun teku inda Turawa masu yawon duniya ke aje jiragensu, ni ke yanka albasa ina hura wuta. Kafin nan babban ruwan da na sani shi ne tabkin bayan gari, wanda ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Wani Bafaranshe mai furfura, Mushe Alan, ya ci namanmu kwana uku a jere, rana ta huɗu ya tambaye ni ko na iya dafa abin da ba nama ba. Na ce na iya. A lokacin ko tuƙin jirgin sama aka tambaye ni, na iya zan ce. Ya ce shi da matarshi Madam Kolet cikin jirgi suke zaune, suna son mai dafa abinci da gadi. Ku riƙe wannan: ba su da wani gida a duniya. Sun sayar da na ƙasa sun sayi na ruwa.

Jirgin taku goma sha uku ne daga kai zuwa gindi, faɗinshi bai kai amalanke biyu ba. A tsakiya akwai doguwar dirka ta ƙarfe, ita ke ɗauke da zanen iska guda biyu. A gaba akwai ƙugiyar ƙarfe mai nauyin rabin buhun gero, da sarƙarta, ita ake jefawa ta kama ƙasa jirgi ya tsaya, ana ce mata anka. Sunan jirgin kuwa wani sunan tsuntsu ne da bakina bai taɓa faɗa daidai ba, don haka ba zan ɓata bik a kanshi ba.

Aikin farko da aka ba ni ɗaure ɗan kwalekwalen roba ne, wanda ake shiga a je gaɓa. Na yi mashi ɗaurin jaki mai gudu, ƙulli bisa ƙulli har bakwai. Mushe Alan ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Shaibu, kwance." Na sa farce, na sa haƙori, igiya ta jiƙe ta ƙi. Ya duba agogonshi har na gama, sannan ya ce, "Da wuta ce ta kama jirgin, da yanzu mun gasu. Kai ka fi ni sanin gashi." Ya nuna mani nasu ƙullin, wanda ke riƙewa ko raƙumi ke ja, amma ya kwance da hannu ɗaya. Wata guda ina ɗaura shi a ƙafar tebur, a babban yatsan ƙafata, ido rufe. Har yau da shi nake ɗaure akuyar gidana, maƙwabta na cewa na koyo tsafi.

Tafiyar farko tsibiran Kabu Berdi muka nufa, kwana huɗu ba a ganin ƙasa. Kwana biyun farko ban dafa komai ba, kifayen hanya dai sun samu duk abin da na ci tun Dakar. Madam Kolet ce ta dafa wa mai dafa abinci. Rana ta uku na tashi na kama murhu. Murhun jirgi rataye yake yana lilo, don tukunya ta zauna daidai in jirgi ya karkata, kuma jirgi mai zane kullum a karkace yake tafiya, kamar mai ciwon kwankwaso. Sai ka ɗaure ƙugunka da ɗamara a jikin kanta, ka matse tukunya da ƙarfe biyu, kada ka cika ta ta wuce rabi. Wuƙa ba a aje ta, ko tana hannunka ko tana cikin gidanta. Albasa in ta kuɓuce maka, sai bayan sati ka same ta ƙarƙashin gadon Madam, ta tsiro.

Lokacin iskar arewa, daga bayan kaka zuwa bazara, muna ɗaukar baƙi huɗu huɗu mu kai su sati guda cikin kogunan Salum da Kazamansi. Su ne irin waɗanda kuke gani a salula. Suna hawa suna dariya da juna, suna sauka ba mai yi wa wani magana. Abin da ba a ɗauka hoto shi ne makewayi. Makewayin jirgi famfon hannu gare shi, da bututu mai faɗin wuyan kwalba. Ana gaya wa kowane baƙo kada ya jefa komai ciki, kowane baƙo ya ce ya ji, rana ta uku ya toshe. Wa zai kwance bututun? Ɗan Baudeta, da bokitinshi. Ba wanda ya taɓa cewa shi ne ya yi. Sai dai a wurin cin abinci ka duba wanda ya fi kowa yabon miyata, to shi ne.

Amma abin da ya fi igiya da makewayi wuyar koyo shi ne zama. Jirgi ba zaure, ba katanga, ba gindin bishiyar da mutum zai je ya huce. Tsakanin gadona da na masu gida katako ne mai kaurin yatsa. In Mushe da Madam suka fara faɗa, kuma duk iskar da ta juya sai sun yi, sai in tafi can gaba in kama goge anka. Ankarmu ta fi ta kowa ƙyalli a lungun nan. Ga salla kuma. Jirgin da ke kan anka juyawa yake yana bin iska, ka yi kabbara kana fuskantar gabas, ka sallame kana kallon Amirka. Na kai maganar wurin wani malami a gaɓa, ya ce in duba agogon alƙiblar jirgi in fara daidai, sauran kuma wanda ya yi tekun ya san halinshi.

Maƙwabta akwai, jirgi ashirin, wani lokaci talatin, kowa da tutar ƙasarshi. Suna da nasu ladabi. Ba ka hawa jirgin mutum sai ka ƙwanƙwasa gefenshi daga cikin kwalekwale ya ce ka hau. Ba ka jefa ankarka bisa ta wani. Ba mai tambayar sunan ubanka, da sunan jirginka ake kiranka. In injinka ya lalace, kafin ka gama zagin shi mutum biyar sun iso da akwatunan kayan aiki, kowa na cewa sauran huɗun ba su san komai ba. Da maraice a taru a jirgi ɗaya, su da kwalabensu ni da zoɓona, ba hira sai ta iska: ina ta fito, yaushe za ta juya, jirgin wa ta karya bara. Ka saba da mutum wata uku, ya ci tuwonka ka ci burodinshi, wata safiya ka leƙo ka ga wurinshi ruwa ne kawai. Ya tafi Barazil. Ba ya dawowa, kuma ba wanda ke jin an yi mashi laifi.

Duk na iya da wannan, ban da mutum ɗaya. Yamma da mu akwai wani baƙin jirgin ƙarfe mai tsatsa, mai shi wata tsohuwa Bajamushiya, Madam Ilza, ita kaɗai, ba miji ba kare. Ta haye teku ita ɗaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, fatarta kamar kilishi. Matar nan ba ta gaisuwa. In wuce gefen jirginta da safe in ce, "Bonjur Madam, an kwana lafiya? Ya gajiya?" Sai ta dube ni ta ce, "Igiyarka na ja cikin ruwa." Gobe in sake, ta ce, "Ba haka ake tuƙa kwalekwale ba." Wata guda cur ina ba ta gaisuwa tana ba ni gyara. A garinmu wanda ka gaisar sau uku bai amsa ba ka gama da shi, ko gobara ya zo faɗa maka sai ya fara da sallama. Na yanke hukunci: matar nan ba maƙwabciya ba ce, kunnena ba nata ba ne. Na gaya wa Mushe Alan, ya ce, "Shaibu, gyaran nan shi ne gaisuwarta." Na ce to ta riƙe kayanta.

Yanzu maganar ruwa. Za ku ce mutum na zaune bisa ruwa, mi zai dame shi? Wanda ke ƙarƙashinka gishiri ne, ko alwala ka yi da shi idonka zai ba ka labari. Ruwan sha yana cikin tanki ƙarƙashin daɓen jirgi, litar ɗari uku, kuma da bido, wato jarka, ake cika shi. Ka sa bido huɗu a kwalekwale, ka tuƙa zuwa gaɓa, ka bi layin famfo da matan unguwa, ka ɗauko a kai cikin yashi, ka tuƙo, ka ɗaga su sama ɗaya ɗaya jirgi na rawa. Sawu huɗu kafin tanki ya cika. Na bar Baudeta don na gaji da jan guga a rijiya mai gaba talatin, na zo teku na tarar da aikin ya riga ni isowa. Da damina ne akwai sauƙi. Muna da rumfar tamfol da ake shimfiɗawa bisa jirgi don inuwa, tsakiyarta da rami da bututu, in ana ruwa sai ka buɗe bakin tanki ka sa bututun ciki.

Shekara ta biyar ita ce mummunar. Baƙi ba su zo sosai ba, sannan Mushe Alan ya kamu da ciwon da sai an yi mashi aiki a ƙasarsu. Suka tafi shi da Madam farkon damina, suka bar mani jirgi. Masu hankali duk sun ɗaga ankarsu sun bar lungun, domin hadari daga gabas yake zuwa, lungun kuma ta gabas bakinshi yake buɗe, bayanka gaɓa ce da duwatsu. Muka rage jirgi shida, har da na tsohuwa, wadda ke gyara za ta haye Barazil bayan damina. Ranar tafiya Mushe ya kama hannuna a bakin kwalekwale yana lanƙwasa mani yatsu.

"In ka ga gabas ta yi baƙi, sauke rumfa. Ƙara wa anka sarƙa. Tada inji ka jira. Iska ke fara zuwa. In ta wuce, ruwa ya wanke gishirin tamfol, sannan ka tara abin da kake so."

Na ce, "Mushe, hadari za ka koya wa ɗan manomi?"

Madam ta miƙo mani makulli ta ce, "Gidanmu ne, Shaibu."

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Sau biyu na bi maganar Mushe daki-daki, na sauke rumfa na jira iska ta wuce, kafin in gama sake ɗaura ta ruwan ya ɗauke, ban samu ko na shayi ba. Famfon gaɓa kuma ya koma zuwa kwana ɗaya cikin uku, layi tun daga bakinshi har ƙofar masallaci. Tanki ya koma ƙasa, ina wanka da kofi biyu.

Ran nan bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, irin baƙin da in aka gani a Baudeta ake cewa a fito da iri. Iska ta tsaya cik, teku ya kwanta kamar mai a faranti. Na ji ƙanshin ruwa. A gidanmu in aka ga haka ba mai tsayawa shawara, uwata fitar da tukwane take, da ƙwarya, da kwano, har da turmi, a jera ƙarƙashin indararo tun kafin ɗigon farko. Hannuna ya yi abin da ya saba. Maimakon in sauke rumfa sai na ƙara mata ɗauri kusurwa huɗu. Na ga kamar ba ta isa ba, na ɗauko tsohon tamfol na biyu na shimfiɗa a gaba. Na buɗe bakin tanki, na jera bokiti da tukwane har da kwanon wankin Madam. Sarƙa kuwa na ce in na gama.

Sai na ji murya daga yamma. Tsohuwa ce tsaye bisa jirginta, ta riga ta tuɓe mashi komai, tana nuna ni da hannu.

"Kai! Sauke wannan! Yanzu!"

Ba Shaibu, ba bonjur. Kai.

Na juya mata baya na ci gaba da gyara bututu.

"Kurma ne kai? Kaina za ka faɗo!"

Na ce da Hausa, yadda ba za ta ji ba, "Sai ki fara koyo sallama, gwaggo."

Na ga farin layi bisa ruwa yana tahowa, kafin in aje bokitin hannuna iska ta iso. Rumfa ta cika ta kumbura kamar cikin saniya, ta zama zane na uku wanda ba wanda ya roƙa. Jirgi ya kwanta gefe ɗaya, tukwane suka bi juna cikin teku. Sai na ji abin da duk mai gadin jirgi ke tsoro, gurr, gurr, ta tafin ƙafa. Anka ce ta saki tana jan ƙasa kamar galma. Muna tafiya da baya, baƙin jirgi na matsowa, bayanshi duwatsu.

Na ruga na murɗa makullin inji. Ya tashi, Allah ya yi mashi albarka, na tura shi gaba, ya yi ƙara ɗaya ya mutu. Igiyar tamfol na biyu ce ta tsinke ta faɗa ruwa ta naɗe farfela. Na koma kan rumfa in kwance. Ƙullin da ke kwancewa da hannu ɗaya yana can ƙarshe, saman ruwa, tamfol na marin duk wanda ya matso. Wuƙata kuwa tana madafa cikin gidanta, yadda aka koya mani.

Muka daki jirginta da gefe, ƙara kamar an fasa randa. Ta riga ta rataya tsofaffin tayoyi, su suka rage abin. Ban ga lokacin da ta tsallako ba, na dai ga tsohuwa cikin jirginmu, ba ta ƙwanƙwasa ba, wuƙa a hannu. Sara huɗu, rumfar Mushe ta tashi sama ta nufi cikin Dakar. Ta rarrafa gaba, ta saki sarƙar duka, ta nuna mani anka ta biyu da ke ɗaure a gefe.

"Ɗauka! Jefa! Ba nan ba, can!"

Na ɗauka, na jefa can. Jirginmu ya goga jikin nata tun daga kai har gindi, ya kama wani ƙarfe mai fiffike da ke bayan jirginta ya lanƙwasa shi, ya wuce. Sannan igiya ta miƙe tana kuka, kan jirgi ya juyo ya fuskanci iska. Muka tsaya. Tsakaninmu da duwatsu bai fi tsawon igiyar guga biyu ba.

Sai ruwa ya sauko, irin wanda nake jira wata biyu. Ba ta da hanyar komawa jirginta sai iska ta faɗi, don haka muka zauna a wurin tuƙi yana dukanmu, jini na zuba a gwiwar hannunta. Baƙuwa ce dai, ta shigo gidan da nake gadi.

Na ce, "Sannu da zuwa, Madam."

Ta nuna bayan jirginta. Ta ce, "Ka san ƙarfen da ka lanƙwasa?"

Na ce a'a.

"Shi ke riƙe mani tuƙi in ina barci a tsakiyar teku. Ba shi, ba Barazil."

Na shiga na dafa mata shayi. Ta sha, ta ce sukari ya yi yawa.

Washegari ta zo da kwalekwalenta ta ce in shiga. Ta kai ni gidan tarho a gaɓa, ta buga lambar Mushe Alan da kanta ta miƙo mani. Yana kwance asibiti, kwana biyar da aiki. Ku kun sani, mutum a gadon asibiti, a garinmu ko gidanshi ya ƙone ce mashi ake ɗan hayaƙi ne.

"Shaibu! Lafiya?"

"Lafiya lau, Mushe. Ya jiki? Ya Madam? Ya sanyin can?"

"Jirgi fa?"

"Jirgi na gaishe ka. An ɗan yi iska, amma da sauƙi."

Tsohuwa ta fizge kan tarho. Cikin numfashi biyar ta faɗa mashi duka: rumfa ta tafi, gefen dama ya tsage tsawon hannu sama da ruwa, ƙarafan kariya uku sun karye, igiya a farfela, ga nata ƙarfen. Ta ƙara da cewa, "Na ce ya sauke, ya juya mani baya." Ta miƙo mani. Na kara a kunne. Can ya ce, "Kada ka taɓa komai sai abin da Ilza ta ce. In na zo ma yi magana." Ya aje.

Sati bakwai na yi ƙarƙashin mulkin tsohuwa. Ita ta sa na nutse da wuƙa na yanke igiyar farfela, ni da ba na shiga ruwa sai da igiya a ƙugu. Ta koya mani liƙe tsaga da zaren gilashi da wani ƙaro mai wari, shafi bisa shafi, a goge a sake. Ƙarfenta muka kwance muka kai wa wani maƙeri cikin gari, sau uku tana mayar mashi. Na kankare tsatsar gefen jirginta na shafa fenti. Hadari ya zo sau tara cikin wannan lokaci, kafin ta leƙo na tuɓe jirgi tsirara, na saki sarƙa, inji na kuka. Ba ta ce madalla ba ko sau ɗaya. Ni kuma na haɗa jakata na aje, domin labari ya zaga lungun, kuma mai gadin da aka kora daga jirgi ɗaya ba ya samun na biyu. Sai tukuba, in ita ma ta yarda.

Mushe Alan ya dawo a rame, yana dogara sanda. Bai amsa sannu da zuwana ba. Ya zaga jirgi cikin kwalekwale, ya shafa wurin liƙi da tafin hannu. Madam Kolet ta ɗaga kai ta dubi inda rumfarta take a da, ta shige ciki. Ya aike ni na kira tsohuwa. Suka zauna, ni ina tsaye.

"Ilza, ke aka yi wa ɓarna. Akwai wani mutumin Kazamansi da aka haifa cikin kwalekwale, yana neman aiki. Mi kika gani?"

Ta ce, "Ankarshi ta taɓa saki?"

"Ba na jin ta taɓa."

"To za ta saki. Kowa sai tashi ta saki sau ɗaya. Wannan ya riga ya yi karatunshi a jikin jirgina, kuma na gama fenti. Kada ka kawo mani sabo."

Ta tashi. A bakin tsani ta juyo ta ce, "Amma ka tambaye shi tanki."

Mushe ya dube ni. "Mi ya samu tanki?"

"Cike yake, Mushe."

"Kawo kofi."

Na kawo. Ya kurɓa, ya tofar cikin teku.

Abin da ya faru, ranar hadarin bakin tankin a buɗe ya kwana. Ruwan sama ya bi daɓe ya shiga, raƙuman teku da suka hau jirgi su ma suka bi suka shiga, ya cika maƙil. Ba ya shawuwa, ba a girki da shi, sabulu ba ya kumfa a ciki. Sati bakwai daga bido nake sha. Sau uku tsohuwa na cewa in zubar, ina cewa to. Litar ɗari uku ne fa, kuma rabinshi daga sama ya zo. Hannuna ya ƙi.

"Kana son aikinka?"

"Ina so."

"Ga famfo."

Famfon hannu ne, bugu ɗaya kofi ɗaya. Na durƙusa na kama bugawa, ruwa na fita ta gefen jirgi yana zuba cikin teku, wanda bai roƙa ba bai kuma gode ba. Mushe ya zauna kusa da ni ya ɗora sanda bisa gwiwa, don kada in ɓoye ko kwano ɗaya. Wajen rabi na tsaya na share zufa.

Na ce, "Mushe, a Baudeta in aka ga mutum na wannan aiki, ɗaure shi ake a kai wa malam."

Ya ce, "Nan ba Baudeta ba ne. Buga."

Na buga har famfo ya fara jan iska. Sannan ya nuna mani gaɓa da sandarshi, ya ce in yi sauri, Madam na son wanka.